Shin sinadarin faifan sola na ferobskayit zai iya gano amoniya a ɗakin kaji?

Wata ɗaliba da ke shirin aikin binciken digiri na biyu a kimiyyar sinadarai ta rubuto ta ce: "Malam, na ji ana cewa ferobskayit, sinadarin da ake yin sabbin faifan sola da shi, yana canza launi idan wata iska ta taɓa shi. Da gaske ne? Ina so in yi 'yar takardar da za ta nuna wa masu kiwon kaji yawan amoniyar da ke ɗakin kajinsu. Zai yiwu, ko in nemi wani batun?"

Da gaske ne, malama, kuma cikin hanzari yake canzawa. Amma bari in gaya miki inda ra'ayina ya tsaya tun kafin mu yi nisa. Ferobskayit ya dace da takardar gwaji wadda za a yi amfani da ita sau ɗaya a karanta a ajiye. Bai kai matsayin na'urar da za a rataye a bango a dogara da ita wata da watanni ba. Kuma a ɗakin kaji, danshi zai fi amoniyar ba ki wahala.

Sunan ya samo asali daga wani dutse, CaTiO3, da Gustav Rose ya bayyana a 1839 daga duwatsun Ural na Rasha, aka sa masa sunan Lev Perovski. Wanda muke magana a kansa ba dutsen ba ne, tsarin jerin ƙwayoyinsa kawai ya aro, wato ABX3. A gurbin B akwai dalma, a gurbin X akwai aidin ko biromin ko kilorin, a gurbin A kuma metilamoniyam ko fomamidiniyam ko siziyam. Kowace ƙwayar dalma tana zaune tsakanin halaid shida (halaid shi ne sunan dangin aidin da biromin da kilorin), waɗannan ƙullin suna haɗe da juna ta kusurwoyi, ɗan A kuma yana zaune a ramin da ke tsakaninsu. Wannan haɗuwar kusurwoyi ita ce ke ba shi launi. Muddin tana nan, MAPbI3, wato ferobskayit na metilamoniyam da dalma da aidin, baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, yana shanye haske har kusan nanomita 780 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, wanda ke nuna launinsa). Da zarar ta tsinke, launin ya tafi.

A 2009 rukunin Tsutomu Miyasaka a Japan ya fara saka shi a ƙwayar sola, ya mayar da kashi 3.8 cikin ɗari na ƙarfin hasken rana zuwa lantarki. A 2012 aikin Nam-Gyu Park na Koriya ta Kudu da na Henry Snaith na Oxford suka kai shi wajen kashi 10, yau kuma ya haura kashi 26, idan aka ɗora shi kan silikon ya wuce 33. Abin da ya hana shi mamaye kasuwa duk tsawon shekarun nan shi ne rashin juriya. Gishiri ne a asalinsa, haɗinsa mai laushi, kuma yana yi da danshi kamar yadda gishirin kicin ke yi a damina. Masu sola suna kashe kuɗi da lokaci wajen rufe shi da gilashi da roba don kada iska ta kai gare shi, saboda gwajin da ake yi wa faifan sola ya ƙunshi awa 1000 a zafin digiri 85 da danshi kashi 85. Ke kuma so kike ki buɗe shi, iska ta shiga, ki karanta abin da ta yi masa. Kayan ɗaya ne, bukatar ce ta yi hannun riga.

Ga yadda abin yake a kan teburin gwaji. Ana narkar da PbI2 (haɗin dalma da aidin) da metilamoniyam aidaid a wani ruwan narkarwa mai suna DMF, a sami ruwa rawaya garau. A ɗiga kan gilashi, a juya shi a na'ura ya baje, a ɗora kan faranti mai zafin digiri 100 na minti goma. Kina kallo rawayan zai rikiɗe ya yi duhu, daga gefe zuwa tsakiya. Idan kika kai gilashin bakin kwalbar ruwan amoniya, duhun zai ɓace har ki ga yatsanki ta cikinsa. Ki janye, ya dawo. Yixin Zhao da Kai Zhu na cibiyar NREL a Amurka ne suka ba da rahoton wannan a 2014, suka nuna cewa abin yana faruwa cikin daƙiƙu a zafin ɗaki. Shekara guda bayan haka wasu masu bincike na Sin da Amurka suka nuna cewa iskar metilamin ma tana narkar da shafen ya zama kamar ruwa, idan ta fice ya sake daskarewa ya fi da santsi. Su gyaran shafen sola suke nema, amma darasin gare ki shi ne duk dangin amin, wato sinadaran da suka samo asali daga amoniya irin su metilamin, suna taɓa wannan abu, ba amoniya kaɗai ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Amoniya ƙarama ce, tana kutsawa cikin ramukan, tana da ilektiron biyu da take miƙa wa dalma, kuma tana iya karɓe furoton daga metilamoniyam. Idan taɓawar ta ɗan lokaci ce, amoniyar ta fice, ƙullin su koma mazauninsu. Idan ta daɗe, metilamin ne ke ficewa a matsayin iska, amoniyam ya gaje gurbinsa, abin da ya rage kuma rawaya ne da ba ya komawa baƙi. Saboda haka kalmar "yana komawa" da za ki yi ta gani a rahotanni tana da sharaɗi: ya danganta da yawan iskar da tsawon zaman. A 2018 Avisek Maity da Barnali Ghosh na cibiyar S. N. Bose a Kolkata ta Indiya sun shafa MAPbI3 a takarda, suka nuna tana juyawa daga baƙi zuwa rawaya a amoniyar da ta kai wajen ppm 10, wato kashi 10 cikin miliyan. Wannan shi ne aikin da ya fi kusa da abin da ke ranki, kuma ya kamata ki san an riga an yi shi, don ki san inda naki zai ɗora.

Akwai hanya ta biyu wadda ta fi wannan kaifi, ita ce ta ƙyalli. Idan aka haska ferobskayit da haske mai ƙarfi, kamar na tocilan da ake duba jabun kuɗi da ita, yakan mayar da nasa hasken. Ƙananan kiristal na CsPbBr3, wato na siziyam da dalma da biromin, suna ba da kore mai ɗaukar ido wajen nanomita 515. Rukunin Maksym Kovalenko a Zurich ya nuna a 2015 cewa ta hanyar sauya halaid ana iya samun kowane launi daga nanomita 410 zuwa 700, kowanne siriri tsaf. To me ya haɗa ƙyalli da iska? Haske yana tayar da ilektiron ya bar gurbi a bayansa. Idan suka sake haɗuwa lafiya, haske ya fito. Idan ilektiron ya faɗa wani lahani, misali inda ƙwayar biromin ta ɓace a saman kiristal, ƙarfin ya tafi a zafi, babu haske. A ferobskayit ilektiron yana iya tafiyar da ta kai maikuromita ɗaya, wato nanomita dubu, kafin ya mutu, abin da ya sa yake da kyau a sola ke nan. Wannan doguwar tafiya tana nufin kusan kowane ilektiron zai leƙa saman shafen. Don haka 'yan ƙwayoyin iska kaɗan da suka zauna a sama suna iya sauya hasken shafen gaba ɗaya.

Aikin da ya fi nuna girman abin shi ne na Hong-Hua Fang da Maria Antonietta Loi a Jami'ar Groningen ta Holan, a 2016. Sun ɗauki kiristal guda na MAPbBr3, ɗan'uwan MAPbI3 mai biromin a maimakon aidin, suka zuƙe iskar da ke kewaye da shi, ƙyallin ya dushe. Suka mayar da iska mai oksijin da danshi, ya ƙaru fiye da ninki ɗari, kuma ana iya maimaitawa. Ninki ɗari ba ƙaramin abu ba ne a wannan sana'a.

Amma a nan gizo ke saƙar. Oksijin ya ƙara ƙyalli a wancan kiristal. A 2017 rukunin Sergio Brovelli a Milan ya nuna cewa a ƙananan kiristal na CsPbBr3 oksijin rage shi yake yi. Rukunin Saif Haque a Landan kuma ya nuna cewa idan haske da oksijin suka haɗu a kan MAPbI3 na dogon lokaci, oksijin yana karɓar ilektiron ya zama sufa'oksaid, wanda ke cinye shafen har ya koma PbI2. Iska ɗaya, sakamako uku, gwargwadon kayan da yadda aka haɗa su da tsawon haskawa. Ruwa ma haka: kaɗan yana toshe lahani ya ƙara ƙyalli, matsakaici yana shiga cikin tsarin ya kawar da launi amma ya fice idan an busar, mai yawa kuma ya bar miki rawayan PbI2 har abada. Ki lura da kyau: amoniya rawaya take bari, ruwa ma rawaya yake bari. Mai kaji da ya ga takardarki ta yi rawaya ba shi da hanyar sanin wanne ne ya yi aikin.

Yanzu ki shiga ɗakin kajin da tunaninki. Amoniya tana fitowa ne idan ƙwayoyin cuta suka ruɓar da sinadarin yurik asid na kashin kaji, kuma hakan ya fi tsanani inda dusar katako ko ɓuntun shinkafar da aka shimfiɗa ya jiƙe, musamman ƙarƙashin mazubin ruwa. Ma'ana, ranar da amoniya ta yi yawa ita ce ranar da danshi ya yi yawa. Ana so ta tsaya ƙasa da ppm 25, gara ma ƙasa da 10, domin daga nan take fara cin idon kaji da maƙogwaronsu, ta buɗe ƙofa ga ciwon numfashi, ta rage girma. Wanda ke shiga ɗakin kullum hancinsa yakan saba, har ya daina jin warin a matakin da ke cutarwa, shi ya sa tunaninki na takarda yake da amfani. Sai dai takardar da ta yi aiki a Kano a watan Janairu, lokacin da hunturu ya busar da komai, za ta tarar da wata duniya dabam a Agusta, sa'ad da danshi ke haura kashi 70. Ga kuma zafi. MAPbI3 yana sauya tsarinsa wajen digiri 55, ƙyallin ferobskayit yana raguwa da ƙaruwar zafi, launinsa ma yana ɗan gusawa. Takardar da aka bari a cikin mota ko a shago mai rufin kwano a watan Afrilu tana iya lalacewa tun ba ta ga kaza ba.

Sannan dole ki tambayi kanki da wa kike takara. Takardar da aka jiƙa da rinin gwajin asid, irin su buromofenol shuɗi, tana canza launi da amoniya, tana da arha, ba ta da dalma, kuma an daɗe ana sayar da irinta don ɗakunan kaji. Akwai bututun gilashi na Dräger da Gastec da ake zuƙo iska ta cikinsu a karanta tsawon launin. Akwai 'yan sensa na MQ da ɗaliban injiniya ke haɗawa da 'yar kwamfutar Arduino, waɗanda ke aiki da SnO2 (haɗin kuza da oksijin) mai bukatar zafin ɗaruruwan digiri, suna cin batir, su ma ba sa bambance iska sosai. Kan waɗannan na ƙarshe ferobskayit yana da fifiko na gaske, tunda a zafin ɗaki yake aiki kuma babu wayar lantarki ko tartsatsi a wurin da iskar take. Kan takardar rini kuwa, a batun amoniya, ban ga ya fi ta ba sai in ta fuskar ƙyalli aka bi, inda ake iya ganin ƙaramin sauyi da ido ba zai kama a launin takarda ba.

Inda na ga ferobskayit yana yin abin da sauran ba sa iyawa shi ne iskar da ke ɗauke da halaid. Biromin ɗin CsPbBr3 yana musanya da aidin ko kilorin cikin sauƙi, launin ƙyallin kuma ya bi. Hayaƙin HCl, asid mai ɗauke da kilorin, yana tura koren zuwa shuɗi. A 2021 rukunin Jacek Jasieniak a Jami'ar Monash ta Ostireliya ya yi amfani da wannan wajen gano metil aidaid, guba da aka yi amfani da ita wajen feshin ƙasar noma: wani amin yana fara ɓalle aidin daga jikinta, aidin ya shiga kiristal, kore ya bi ta rawaya ya koma ja. Kyawun wannan shi ne launi ake karantawa ba ƙarfin haske ba, kuma danshi ba ya mayar da kore ja. Ko a nan akwai tarko, domin tun 2015 Eric Hoke da abokansa a Stanford suka nuna cewa ferobskayit mai gaurayen aidin da biromin yana rabewa a ƙarƙashin haske, ƙyallinsa ya gusa zuwa ja da kansa. Sai a taƙaita haskawa. Iskar H2S mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kashe masu shiga rijiya da masai, tana haɗuwa da dalmar ta zama baƙin PbS, ƙyalli ya mutu. Amma wannan tsohon aiki ne da takardar dalma asitet ke yi tun kafin a haife mu.

Abu guda nake so ki faɗa wa duk wanda ya ji labarin aikinki ya fara zumuɗi. Wannan ba maganin hayaƙin janareta ba ne, ba kuma na yoyon gas ɗin girki ba. Kabon monoksaid da butan ba su da abin da za su kama tsarin da shi kamar yadda amoniya da ruwa ke yi. Na'urorin da ke auna CO2 da metan ta haske suna aiki ne a maikuromita 4.26 da 3.3, ferobskayit kuwa ko an gauraya shi da kuza ganinsa bai wuce wajen maikuromita ɗaya ba. Mai son kare iyalinsa daga hayaƙi ya sayi ƙararrawar da aka yi don haka, ya kuma fitar da janareta waje.

Sai dalma. Lissafin ba shi da wuya: shafe mai kaurin nanomita 500 yana ɗauke da kusan giram 0.7 na dalma a kowace murabba'in mita, wato wajen miligiram 0.07 a murabba'in santimita ɗaya. Takarda tana shan fiye da haka saboda tana tsotse ruwan. Kaɗan ne, amma dalma ce mai narkewa a ruwa, kuma wurin da kike son kai ta wuri ne da kaji ke tsattsagar duk abin da ya faɗi, kashinsu kuma taki ne da ake kwasa zuwa gonar kayan miya. Mu da muka ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dalma daga dutsen zinariya, ba mu da uzurin yin sakaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu matakin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Idan za ki yi takardar, ki sa ta cikin ɗan kwanson roba mai tagar da iska ke ratsawa ruwa ba ya ratsawa, ki kuma tsara yadda za a dawo miki da waɗanda aka yi amfani da su. Akwai dangi marasa dalma, irin su Cs2AgBiBr6 da Cs3Cu2I5 mai ƙyallin shuɗi, sun fi juriya, amma juriyar tana tafe da raguwar kaifin gano iska. Na kuza kuwa oksijin yana lalata su da sauri. A ɗakin gwaji kuma, ruwan narkarwa irin su DMF da DMSO suna ratsa fata su tafi da abin da ke narke a cikinsu, don haka safar hannu da akwatin zuƙe hayaƙi wajibi ne, ruwan wanki kuma a tara shi a kwalba, kada ya bi magudana.

Kada ki bar batun. Ki sauya tambayar. Maimakon "ferobskayit yana gano amoniya?", wadda an amsa, ki tambayi "a wane danshi da wane zafi ne amsarsa ke zama abin dogaro?" Wannan ana iya yinsa da kayan da ke hannunmu. Ruwan gishirin da ya ƙoshi yana tsayar da danshi a rufaffen mazubi: LiCl kusan kashi 11, MgCl2 kashi 33, gishirin abinci kashi 75, KCl wajen 84. Ki fara da auna yadda takardarki ke yi a kowanne ba tare da amoniya ba, na kwanaki. Bayan nan ki kawo amoniyar, amma ki cire kwanon ruwan gishirin tukuna, in ba haka ba zai shanye ta.

Ki yi hattara da lissafin iskar, nan ne ayyuka da yawa ke zamewa. A akwati mai lita 10, ppm 25 daidai yake da mililita 0.25 na tsantsar iskar amoniya, kusan miligiram 0.17. Idan daga ruwan amoniya mai kashi 25 za ki samo ta, bai kai maikurolita ɗaya ba. Dole ki tsarma, kuma duk ɗigon da kika saka yana shiga da tururin ruwa. Don haka kowane gwaji ya kasance da ɗan'uwansa na ɗigon ruwa zalla daidai wannan girman. Amoniya tana kuma mannewa a bangon akwati, abin da kika lissafa ba lalle shi ne abin da ke cikin iskar ba, sai ki tabbatar da bututun gilashi.

Wajen karantawa, kyamarar waya ta isa idan kika hana ta gyara haske da launi da kanta, kika ɗauki hoto a cikin baƙin akwati da fitila guda. A kan takardar ki sa ɗigo uku: ɗaya a buɗe, ɗaya a rufe ruf don ya nuna tasirin zafi da tsufa, na uku kuma rinin nuna danshi. Bambancin da ke tsakaninsu za ki karanta. Ki gwada takardar rini ta gama-gari a gefe ɗaya a kowane zagaye, ki rubuta sakamakon ko da ita ce ta yi nasara. Idan kin kai matakin fita daga ɗakin gwaji, ki rataye takardun a tsayin kan kaza, kusa da shimfiɗa inda iskar ta fi taruwa, ki yi zagaye ɗaya da hunturu, ɗaya kuma a tsakiyar damina.